Injin da Tsoho Bai Tayar Ba

Na Allah ne mu, kuma can za mu koma. Kakana ya riga mu gidan gaskiya ranar wata Alhamis, bayan ya idar da sallar asuba, yana zaune a kan buzunsa. Masu wanka sun ce sun yi iya yinsu, baƙin man da ke ƙarƙashin faratansa ya ƙi fita. Da maganar ta iso cikin gida na ce su bar shi, ai da shi aka san shi.

Ni ban iya dogon yabo ba, shi ma ba ya so. Abin da na ji a zaman makoki ne ya sa na ɗauki biro.

Ina miƙa ruwa ta bakin zaure na ji wani manomin albasa daga wajen Bunkure yana cewa, "Allah Ya jiƙan Malam, amma fa ya iya riƙe wa mutum inji. Kwana biyar ya riƙe nawa. Albasa na kuka, ni ina kuka. Har na ce zan kai shi ƙara wurin mai gari."

Wani ya ce, "To yanzu ina injin?"

"Yana gona mana. Yarinyar da aka haifa min a shekarar ta isa talla, shi ko tari bai taɓa yi ba."

Aka kwashe da dariya, sai kuma aka tuna inda ake, kowa ya koma istigfari.

A cikin gida kuma wata Bafulatana da ba mu sani ba ta sauke ƙwaryar nono a gaban kakata, wadda muke kira Iya. Ta ce shekarar da tafkinsu ya ƙafe, shi ya taka har ruga ya haɗa musu injin da suke shayar da shanu da shi. Ya zauna gindin bishiya da shi kwana uku, ba abin da ya karɓa sai fura. Ta ce, "Mu har mun ɗauka ba shi da gida." Iya ta ce, "Yana da shi, 'yar nan. Mantawa yake yi."

Na ukun ne ya ɓata min rai. Wani matashin bakanike daga Kura, ya gama addu'arsa tsaf, sai ya ce, "Irin aikinsu ai ya wuce. Yanzu sola ake yayi. Inji kuwa in ya mutu, a sayo wani." Da ba don gidan makoki ba ne, da na leƙa na ba shi amsa. To ga amsar nan, a rubuce.

Tsoho nake ce masa. Shi kuma yana ce min Uwar Gaggawa, tun ina rarrafe, don wai ko nono ban taɓa jira a zauna a ba ni ba. A hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifina. Ba shi da gareji, ba shi da allon suna. Rumfa ce ta kara a gindin darbejiyar ƙofar gida, da benci, da akwatin sifanu, da wani tsohon duro cike da ruwa. Injin ban-ruwa, injin markaɗe, ƙaramin janareta, duk abin da ake ja da igiya ya tashi, nasa ne.

Haɗa inji ba shi ne abin da ya bambanta shi da sauran ba. Kowa na iya sa sabon fistin da ringi ya ɗaure. Abin da yake yi bayan ya ɗaure, shi ne nasa. Lallashi yake kiransa.

Yakan ce, "Ƙarfen nan da wancan ba su san juna ba. Yau aka haɗa su ɗaki ɗaya. Ka bar su su gaisa." In mai inji ya matsa masa, sai ya ce, "Kai a gidanku ranar da baƙo ya sauka ake miƙa masa fartanya?"

Ga yadda yake yi. In injin ban-ruwa ne, ba a tayar da shi a bushe, don haka sai ya zura mesar ja a cikin duro, ya mayar da mesar fita cikin wannan duron dai. Ya tayar da shi a silo, can ƙasa-ƙasa, kamar mai gunaguni. Ruwa ya fita daga duro, ya koma duro. Bayan ɗan lokaci ya ɗaga totur kaɗan, ya sake saukewa. Ya kashe. Ba zai sake tayarwa ba sai ya ɗora tafin hannunsa a jikin injin ya karanta Fatiha bai janye ba. Haka zai yi ta yi daga hantsi har inuwar darbejiya ta taɓa benci. Sai ya kwance ƙusar ƙasa, ya tsiyaye man a wani farin kwano, ya fita rana ya karkata shi. A cikin man za ka ga wani abu na ƙyalƙyali kamar an barbaɗa kwalli. Burbushin ƙarfe ke nan da suka goge wa juna. Ya zuba sabon mai. Gobe haka, jibi haka. Sai ranar da kwano ya daina ƙyalli yake sallamar inji, da sharaɗin rabin totur har mako guda.

Masu wucewa kan tsaya su yi masa tsiya. "Baba, an kusa cika duron?" Sai ya ce, "Saura kaɗan, je ka dawo." Wani lokaci ya kafa bakin sukundireba a jikin injin, ya ɗora ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. A wannan lokacin ko mai gari ne ya yi sallama sai ya jira.

Farin kwanon nan na jeren auren Iya ne. Ya ɗauke shi tun kafin a haifi mahaifina, wai aro. Duk shekara in za a wanke kwanuka da sallah sai ta tayar da maganar. "Malam, kwanona." Shi kuma ya ce, "Ban gama ba."

Wannan hali nasa ni ya fi ci wa rai a duk gidan. Ni in na ɗora tukunya, so nake ta tafasa kafin na juya baya. Nakan ce masa, "Tsoho, fetur ɗin nan da kake ƙonawa a banza fa? Mutane ba su da taim ɗin wannan." Sai ya ce, "Wai taim ɗin nan naku wa ya sace muku ne? Kullum cigiya kuke." Ya bi ni da "sauri ya haifi nawa". Ba karin maganar da na tsana kamar wannan.

Faɗanmu na gaske sau ɗaya ne. Ina aji biyar a sakandare ya sake haɗa injin markaɗen da nake juyawa a cikin gida bayan na taso daga makaranta. Ya yi masa lallashin rana ɗaya, sai aka kira shi Garun Malam. Da zai fita ya ce, "Kar ki sa masa ko ƙwayar wake." Ranar kuwa ana suna a maƙwabta. Bokitai suka yi layi tun daga bakin rijiya har zaure: wake, gero, tattasai, mata na ta cewa, "Haba 'yar nan, ga inji a zaune." Na duba, inji sabo fil, sai sheƙi yake. Na ja igiya, na buɗe totur har ƙarshe. Bokiti shida na markaɗa, ina jin kaina. A na bakwai ya yi wata ƙara kamar an shaƙe akuya, ya tsaya cak. Igiyar ma ta ƙi jawuwa.

Da ya dawo bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi min sauƙi. Ya taɓa injin, ya dube ni, ya ce, "Bokiti nawa?"

Kunya ta sa na yi rashin kunya. Na ce, "Da aikin na da kyau ai da bai mutu ba."

Iya ta saki muciya. Shi kuwa sai ya tafi rumfa ya dawo da akwatin sifanu, ya dire a gabana. "To buɗe ki nuna min inda na yi kuskure."

Kwana biyu ina kwance injin nan, yana zaune a gefe yana jan carbi, ba ya cewa komai sai "ba wannan ba" da "hagu ake juyawa". Na fasa farce, na ɓata atamfa. Da na zaro fistin, duk jikinsa zane ne, dogaye, kamar kyanwa ta yakushe shi. Ya karɓa, ya juya shi a rana, ya miƙo min. "Rubutunki ne. Ajiye, kin fi ni iya karatu."

Ban ba shi haƙuri ba. Na yi niyya, na ce sai gobe. Abin mamaki, ni da ba na jinkirta komai, wannan ɗaya na jinkirta shekara shida har ƙasa ta rufe shi. Fistin ɗin dai yana cikin akwatina. Kuma tun daga ranar, in yana aiki, ni ke riƙe masa kwano.

Yanzu ga abin da ya bari.

Gonarmu tana kan tudu, ruwan kanal ba ya hawa sai da inji. A reshenmu kuma ba kullum ake sako ruwa ba, kwana uku ne, Asabar zuwa Litinin, sai a rufe a ba wasu. Baffana, ƙanin mahaifina, ya yi dashen tumatir, bai daɗe ba tsohon injinmu ya buga. Tsoho ya tattaro gangar wani inji, kan wani, ya sayo sabon fistin da ringi, ya zauna kwana uku yana haɗawa. Ranar Laraba da yamma ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe, ya goge shi da tsumma, ya ce min, "Gobe da hantsi za mu gaisa da shi." Goben ba ta same shi ba.

Ranar Juma'a da safe na ga Baffa a rumfa yana ɗaura wa injin igiyar roba.

Na ce, "Baffa, ina za a kai shi?"

"Gona. Gobe ake sako ruwa. Dashen nan ya kwana biyu bai sha ba, na sama har sun fara sunkuyawa."

"Ba a lallashe shi ba."

"Ke 'yar nan, mai lallashin ya tafi. In ruwan nan ya wuce mu, sai wani makon. Me za mu tarar?"

Gaskiya ya faɗa. Tumatirin nan shi ne cefanen gidan na rani gaba ɗaya. Aro kuma ba zai yiwu ba, don a kwana ukun nan kowa injinsa na bakin kanal. Amma na san abin da zai faru in aka kai shi gobe aka buɗe masa wuta daga safe zuwa yamma. Na shiga ɗaki na ɗauko fistin ɗina na ajiye a kan benci.

"Baffa, wannan bokiti shida ya yi. In naka ya yi sa'a ya kai azahar. Daga nan ba inji, ba tumatir, ba kuma wanda zai sake haɗa mana. Ka ba ni yau da gobe da jibi. Litinin da sassafe ka ɗauka."

"Litinin ai ranar rufewa ce! In ya ƙi tashi fa?"

"Zai tashi."

"Ke ce za ki yi lallashin? Ke? Da ko shayi ba kya bari ya huce?"

Na ce, "Ni."

Gwaggona ta jiyo mu ta fito. Ita ba ruwanta da tumatir. "Inji? A gidan makoki? Jiya-jiya aka kai shi, yau a ji ƙofar gidansa na ruri kamar gidan biki? Me mutane za su ce? Kuma 'ya mace, a gaban maza masu gaisuwa?"

Ni ma abin ya tsaya min a rai. Sai ga wata ƙanwata ta fito daga ɗakin da Iya ke takaba, riƙe da wani abu a nannaɗe cikin ɗankwali. Farin kwanon ne. Ashe ranar da ya rasu Iya ta sa an ɗauko mata shi, ta wanke shi tas da toka. Muryarta ta biyo baya ta labule.

"Ku ba ta. Shekara hamsin ina jin ƙarar nan a ƙofar gida. Jiya da ban ji ba ne na san da gaske ya tafi. Kuma ki faɗa wa injin, aro ne."

Muka ja duro da injin zuwa bayan gida, wajen turken awaki, don kar a dami masu gaisuwa. Na zuba mai, na duba sandar auna man. Na cika famfon injin da ruwa. Na zura mesa biyu a duro. Na yi bisimilla na ja igiya. Shiru. Na sake. Shiru. A ja na huɗu ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya kama.

Wallahi hannuna da kansa ya nufi totur. Ƙarar silo ƙara ce mai sa mutum ƙaiƙayi, kamar yaro na karatu yana in-ina, kana so ka ƙarasa masa. Na zauna a kan hannuwana. Da gaske nake, a kansu na zauna. Ruwa ya fita daga duro, ya koma duro. Na ɗaga kaɗan, na sauke. Na kashe. Na ɗora tafi, kafin na kai rabin Fatiha na janye. Na jira. A rayuwata ban taɓa sanin rana na da tsawo haka ba.

Can sai na ga mutane a bakin katanga. Masu gaisuwa ne suka biyo ƙarar. Cikinsu har da manomin albasar nan. Ya share ido da hannun riga, ya ce, "'Yar Malam, an kusa cika duron?"

Na ce, "Saura kaɗan, Baba. Je ka dawo."

Man ranar farko da na karkata a rana, kamar an zuba masa taurari. Na kai wa Baffa har zaure. Ya daɗe yana kallo.

Asabar aka sako ruwa. Daga gida ana jiyo injunan mutane na ta ruri a bakin kanal, namu na bayan gida yana wasa da duro. Baffa ya kasa cin abinci. Da na kashe inji bayan la'asar na ce masa ya tashi mu tafi. Muka ɗauki bokitai, ni da shi da matarsa, muka yi ta jido daga kanal muna hawa tudu, kowane tushe rabin moɗa. Ba ban-ruwa ba ne, jiƙa maƙoshi ne. Fangali huɗu da ke can sama, inda ƙasar ke da yashi, ba mu kai gare su ba har aka kira magariba. Lahadi ma haka, bayan an watse daga sadakar uku. Kafaɗata ta yi kanta. A hanyar dawowa Baffa ya ce, "In tumatirin nan ya mutu, ke da kakanki za ku yi min bayani." Na ce, "Ni dai a nan za ka same ni."

Man Asabar ya rage ƙyalli. Na Lahadi na karkata shi hagu, na karkata dama, na fita tsakiyar rana, na kira Baffa ya duba da idonsa don kar son zuciya ya ruɗe ni. Mai ne kawai.

Litinin da sassafe muka ɗaure shi a bayan babur. A bakin kanal ja ɗaya na yi ya tashi. Mesa ta kumbura, ta yi motsi kamar maciji, ruwa ya hau tudu. Na tsayar da totur a rabi. Ruwan na tafiya a hankali, fangali bayan fangali, rana na ɗagawa, kuma mun san da yamma za a rufe. Wajen azahar na ga hannun Baffa na lallaɓawa wajen totur.

Na ce, "Baffa, baƙo ne fa."

Ya janye hannun, ya yi tsaki, ya ce, "Tsoho bai mutu ba, ya dai sake zani." Rabon da na yi dariya tun Laraba.

Kafin ruwan kanal ya ja baya mun shayar da duk gonar, ban da fangali huɗu na can sama. Su sun riga sun ƙone, ko an ba su ba za su tashi ba. Ba zan ɓoye ba, jinkirina ne ya kashe su, kuma Baffa bai fasa tuna min ba. Sauran sun tashi. Injin kuwa ya ƙare ranin nan, ya shiga na bana, ban taɓa jin ya canza murya ba.

Ban zama mai haƙuri ba, kar wani ya ɗauka wa'azi nake. Har yanzu ina ƙona harshe da shayi. Abu ɗaya ne na iya jira a kansa, shi ma don an bar min shi ne.

Bayan arba'in, ina markaɗe, aka ce ana sallama. Matashin bakaniken nan ne na Kura, da inji a bayan babur. Yana ta sosa ƙeya. Wai ya haɗa wa wani mutum sau biyu yana bugawa, mai shi ya ce kar ya dawo masa da shi sai an kai gidan Malam an yi masa abin nan na duro.

Na ce, "Sauke. Kwana uku."

"Haba Hajiya, uku? Ba za a iya yi zuwa gobe ba?"

"Uku. In kana sauri, ga hanya nan, ka sayo wani."

Ya sauke.

Na shiga ɗauko kwano, Iya ta bi ni da ido, ta ce, "Kwanona."

Na ce, "Ban gama ba."

Tsoho, haƙurin da ban ba ka ba, ga shi na rubuta, kowa ya gani: aikinka na da kyau, ni ce na yi sauri. Allah Ya yafe maka, Ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya gonakin mutane, Ya karɓe ka a hankali yadda ka saba karɓar baƙo. Mu kuma da muka rage, Allah Ya ba mu ikon zama a kan hannuwanmu in lokacin hakan ya zo. Amin.